Goyon Jirgi a Brocklesby: Aikin Wata 5 a Kan Faifan Katako

Ranar Lahadi, 29 ga Satumba 1940, jirage biyu ƙirar Avro Anson suka tashi daga filin Forest Hill da ke kusa da Wagga Wagga, a jihar New South Wales ta Ostareliya. Na makarantar koyon tuƙi ta biyu ne ta rundunar sojan saman ƙasar, kuma mutum huɗun da ke cikinsu duk ɗalibai ne. Darasin ranar shi ne su bi ta Corowa, su zagaya Narrandera, su komo gida. Suna saman wani ɗan ƙauye mai suna Brocklesby, kimanin mita 300 daga ƙasa, suka karkata za su sha kwana. Leonard Fuller, ɗan shekara 22, mai tuƙa jirgi mai lamba N4876, ya daina hangen L9162 na Jack Hewson, wanda ya shige ƙarƙashinsa. Kafin ya ankara ya hau kansa.

Jiragen suka manne da juna, suka ƙi faɗowa. Injinan na bisa suka mutu nan take, na ƙasa kuwa suka ci gaba da ruri iya ƙarfinsu. Masu duba taswira biyu, Menzies Sinclair da Hugh Fraser, suka diro da laima. Hewson ya bi bayansu da rauni a gadon baya, domin farfelar jirgin bisa ta tsaga jikin nasa jirgin ta same shi. Aka bar Fuller shi kaɗai, sitiyari a hannunsa, injinan da ke jan su kuma a jirgin da babu kowa a ciki. Da faifan fikafikansa ya riƙa sarrafa goyon har tafiyar kilomita 8, ya sauke su a kan ciki a wata makiyaya, kilomita 6 kudu maso yamma da ƙauyen. Suka ja ciki mita 180 a kan ciyawa, suka tsaya, ɗaya goye da ɗaya. Ba a rasa rai ko guda ba.

Wannan tsayuwar ce na yi wata 5 ina ginawa a kan faifan katako mai tsawon santimita 40 da faɗin 30. Masu wannan sha'awa suna ce wa irin aikin diyorama, wato ɗan ƙaramin fage da ake shiryawa da samfurin jirgi ko mota, da ƙasa da mutane, duk a ma'auni ɗaya, don a kama wani lokaci guda a tsayar da shi. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san daɗin abin. Bambancin shi ne a nan ba ka da 'yancin ƙera abin da ranka ya so. Akwai rana, akwai wuri, akwai mutanen da abin ya faru da su, kuma kana ɗauke da haƙƙinsu.

Shawara ta farko ita ce a sama zan nuna su ko a ƙasa. Da yawa sun fi son sama: a soke jirgi a kan sandar roba mai haske, a yi hayaƙi da auduga. Na ƙi wannan saboda hotunan da suka yaɗu na wannan lamari a makiyayar aka ɗauke su, jiragen suna zaune a kan ciyawa. Abin da ido ya gani shi zan iya aunawa. Na zaɓi ɗan lokacin da ke tsakanin tsayawar jiragen da isowar jama'a, ƙura ta lafa, fili shiru.

Ma'aunin 1:72 na ɗauka, wato kowane santimita a kan faifan yana matsayin santimita 72 a zahiri. Anson daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 17.2 ne, tsawonsa mita 12.9, don haka samfurin ya zo kusan santimita 24 da 18. Kamfanin Airfix ya fitar da sabon Anson na 1:48 a 2022, kuma ya fi nuna ƙananan abubuwa, amma faɗin fikafikansa santimita 36 ne. Biyu a kan juna, ga fili, sai an ba su teburi sukutum. Ko a 1:72 ɗin ma, mita 180 da suka ja ciki ya kama mita 2 da rabi. Ƙarshen sawun kawai faifan zai ɗauka.

Kuskuren farko

Da samfuran biyu suka iso, na haɗa na ƙasa cikin mako 2, na ɗauko ƙarfen soda na masu gyaran rediyo, na shiga yi masa ɓarna. A kaina karon jirgi ai tarwatsewa ce. Na narke rufin ɗakin matuƙi, na huda fiffike wuri uku, na karya wutsiya gefe guda, na shafa baƙin fenti kamar wuta ta ci. A lokacin abin ya burge ni ƙwarai.

Kawuna tsohon fanal-bita ne, ya yi shekaru sama da 30 yana miƙe motocin da suka yi hatsari. Ya shigo wata La'asar ya tarar da ni a kai, na ba shi labarin tun daga tashin jiragen har saukarsu. Ya ɗauki samfurin ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ka ce bayan karon sun yi tafiya?"

"Kilomita 8, Kawu."

"To wannan da ka yi ko taku 8 ba zai yi ba. Ɗan nan, wa ya ce maka akwai wuta? Kuma wannan fiffiken da ka narke, da ƙarfe aka yi shi?"

Ban san amsar tambaya ta biyun ba sai da na koma na karanta. Fiffiken Anson na farko katako ne, an lulluɓe shi da falle-fallen katako marasa kauri. Gangar jikin kuwa bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji, aka ja masa yadi aka shafe da fenti mai tsuke shi. Murfin inji ne ƙarfe mara nauyi. Da na faɗa wa Kawu haka, ya ce to ai abu uku ke nan, kuma kowanne da yadda yake jin ciwo: ƙarfe ya lotsa, katako ya tsage bin tsawonsa, yadi ya yage ya yi lilo. Babu wanda yake narkewa ya yi dunƙule irin na roba. Ni kuwa duk raunukan da na yi na roba ne.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne bayan lamarin an gyara jiragen duka biyu. N4876 ya koma tashi, L9162 aka mai da shi abin koyarwa a ƙasa. An ƙiyasta cewa Fuller ya tsirar da kayan da suka kai fam 40,000. Jirgin da aka gyara ya koma sama ba tarkace ba ne. Ashe abin mamakin Brocklesby shi ne ƙarancin ɓarnar, ni kuma na ɗauki ƙarfen soda na goge ainihin abin da ya sa ake ba da labarin. Idan mai kallo ya ga tarwatsattsun jirage, zai ce Allah ya ji ƙan waɗanda ke ciki, ya wuce. Ina so ya ga jirage biyu kusan lafiyayyu, ya tsaya yana tambayar yadda aka yi.

Samfurin nan bai gyaru ba. Na yi odar na uku, ya ɗauki mako 6 kafin ya zo hannuna, kuma wannan jiran ya yi mini rana, don a cikinsa ne na zauna da hotunan da bayanan sosai.

Inda suka haɗu

Bayanan sun ambaci wuri biyu da jiragen suka sarƙe. Anson yana da wani kejin gilashi mai zagaye a gadon bayansa, inda mai bindiga ke zama. Kejin na ƙasa ya cusa cikin gindin fiffiken hagu na jirgin bisa. Can baya kuma, tsayayyar wutsiyar na ƙasa ta tokare kwantacciyar wutsiyar hagu ta na bisa. Sai kuma farfelu da suka sari juna suka ciji murfin injina.

Na ɗauki lokaci kafin na gane cewa waɗannan wurare biyu sun gama yanke hukunci a kan komai. Na ɗaure gangunan jiragen da salatif ba tare da gam ba, na ɗora ɗaya kan ɗaya. Da zarar kejin ya shiga gindin fiffiken hagu, wutsiyar kuma ta zauna ƙarƙashin wutsiyar hagu, jirgin bisa ba shi da wani mazauni sai guda ɗaya: hancinsu kusan a jere, shi kuma ya ɗan goce dama. Ba ni na zaɓa ba, siffar jiragen ce ta ba da shi. A nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa goyon bai zame ba: gaba an datse, baya an tokare, nauyi kuma ya danne tsakiya. Na sha karanta wannan a rubuce, amma sai da na riƙe su a hannu na ji yadda suka kulle sannan abin ya shige ni.

Matsalar da ta biyo baya ita ce kauri. Robar da ake zuba irin waɗannan samfura takan kai milimita 1. A ma'aunin 1:72 wannan santimita 7 ne da ɗoriya, kaurin ƙyauren gidan sarki, alhali abin da ake kwaikwayo yadi ne. Idan ka yanka robar haka nan, bakin yankan zai tona asiri daga nesa. Don haka duk inda rauni zai kasance, daga ciki na riƙa kankarewa da samfefa da bakin reza, ina ɗagawa ina duba ta fitilar waya, har sai haske ya fara ratsa robar kamar fatar albasa. Rufin jirgin ƙasa kaɗai ya ci mini dare 4. Sau biyu na zarce na huda inda ban yi niyya ba, na toshe daga ciki na sake.

Inda farfela ta tsaga jikin jirgin Hewson, a nan na fi daɗewa. Na cire robar wurin gaba ɗaya, na ƙera kejin bututun da wayar koyil ta tsohuwar fanka. Waya mai kaurin milimita 0.3 tana daidai da bututu mai santimita 2 da 'yan kai, kuma ido ya yarda da ita. A kai na shimfiɗa takardar jakar ganyen shayi da na jiƙa da farin gam na kafintoci wanda aka sirka da ruwa. Da ta bushe ta yi tauri kamar fatar kalangu. Sai na sa sabuwar reza na yi mata sara a karkace, saboda farfela tana juyawa ne jirgin kuma yana matsawa, don haka ba ta yanka a miƙe. Na ɗaga leɓen yagewar da matsefata, na kwantar da shi baya, inda iskar tafiyar kilomita 8 za ta tura shi. Gaba ɗaya raunin bai kai tsawon farcen babban yatsa ba. Na so in ƙara masa faɗi don a gan shi da kyau, na hana kaina.

A gindin fiffiken hagu na jirgin bisa, inda kejin ya shige, katako ne ya kamata ya tsage. Na fere tsinken ashana siriri-siriri na jera a bakin ramin, duk suna kallon ciki, domin daga ƙasa aka turo. Murfin injinan Anson yana da ƙulle-ƙulle guda 7 a kewaye, ɗaya a kan kowace silinda ta injin Cheetah mai ƙarfin doki 350. Waɗanda farfela ta ciza na yi musu faci da gwangwanin lemo, na lotsa da bakin allura mara kaifi. Da gwangwanin kuma na sake yanka ruwan farfelun da suka lanƙwashe, saboda roba idan ka lanƙwasa ta sai ta yi fari ta karye, ko ta yi kwana mai laushi irin wadda ƙarfe ba ya yi.

Nauyi

Anson babu kaya ya kusa tan 2 da rabi. Samfurinsa kuwa iskar fanka tana iya ture shi. Wannan shi ne abin da ya fi wuya a duk aikin, kuma shi ne inda na ga diyorama da yawa na faɗuwar jirgi suna kasawa: jirgin yana kan ƙasa kamar an ajiye kofi a kan tire. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ko wanda bai taɓa kusantar jirgi ba zai ji cewa wani abu bai zauna ba.

Hanya biyu na bi. Ta farko, tsakanin jirgi da jirgi. Na sanya fitila a bayansu na duƙa ina leƙe, duk inda haske ya ratsa a wurin da ya kamata ciki ya danne rufi, na rage rufin na ƙasa kaɗan, na sake ɗorawa. Na yi haka ya fi sau 20. Firam ɗin tagogin ɗakin Hewson na ɗan karkatar da su waje, kamar yadda ƙafafun kujera ke buɗewa idan an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Don riƙo kuma na dasa sandunan tagulla biyu masu kaurin milimita 1, ɗaya ta cikin kejin bindiga zuwa gindin fiffike, ɗaya daga rufi zuwa cikin na bisa, na kama su da gam mai haɗi biyu. Sufa-gulu ban bari ya kusanci gilashi ba. Tururinsa yana sa roba mai haske ta yi hazo fari, kuma Anson kusan rabin ɗakinsa tagogi ne. Na riga na rasa taga ɗaya ta haka a samfurin farko.

Ta biyu, tsakanin jirgi da ƙasa. A kan ciki suka sauka, tayoyi a naɗe. Tayoyin Anson na farko da hannu ake naɗe su, a juya wani hannu kusan sau 140, kuma ko an naɗe su wani ɓangarensu yana leƙowa ƙarƙashin gidan inji. Su da cikin jirgin ne za su fara cin ƙasa. Na shafa farar ƙasar filasta a kan faifan, kauri kamar rabin santimita, na rufe da ledar naɗe abinci, na danna jirgin ƙasa a ciki tun tana da danshi, na ɗan ja shi gaba kaɗan. Da na ɗaga, ga gurbinsa, ga ɗan tudun ƙasa ya taru a gaban gidajen injin. Daga nan na ja sawu uku zuwa baya har suka fice ta bakin faifan. Jiragen a karkace na ajiye su, ba daidai da gefen katakon ba, na bar fili mai yawa a bayansu fiye da gabansu, don idon mai kallo ya bi sawun ya san daga inda suka fito.

Ciyawa ta sa ni sake tunani. Satumba a can farkon tsiro ne, bayan sanyi, don yanayinsu kishiyar na Turai ne, kuma da farko kore shar na yi niyya. Amma 1940 tana cikin shekarun da aka yi fari mai tsanani a kudancin Ostareliya. Sai na rage. Na rairaye ƙasa da rariyar gari na barbaɗa a kan gam, na yanka igiyar rama gutsi-gutsi, milimita 2 zuwa 3, wato ciyawa mai kai wa idon sawu ko ɗan sama da haka, na rina wasu kore mai duhu wasu na bar su da launinsu, na dasa su tsilli-tsilli yadda ƙasa ke leƙowa. A cikin sawun na kwantar da su duk fuska ɗaya.

Fenti bai ba ni wahalar tunani ba sai ta yanayi. Hotunan baƙi da fari ne, na bi launin sajewa na jiragen Birtaniya na wancan lokaci, kore mai duhu da ruwan ƙasa. Aikin ya faɗo cikin hunturu, ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti kafin ka ajiye buroshi, busasshiyar iska kuma tana ƙafar da shi a bakin gashin. Na koma yin fenti bayan sallar Asuba, in yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in gama in kife roba a kai. Ban tsufar da su da yawa ba: ɗan baƙin hayaƙi bayan bututun inji, ɗan mai da ya tsiyaya daga injinan da aka sara, ƙura a cikin na ƙasa.

Akwai wani tarko a tambarin. Wanda ya saba ganin hotunan jiragen Ostareliya na Yaƙin Duniya na Biyu zai tuna da'ira shuɗiya mai fari a tsakiya, babu ja. Wannan daga 1942 ne, lokacin da aka cire jan ɗigon tsakiya don kada a ɗauke shi jar ranar jiragen Japan. A Satumba 1940 jan yana nan. Lambobin N4876 da L9162 kuwa ɗaya bayan ɗaya na tsinto su daga ragowar takardun tambari, na jera da bakin allura a kan fenti mai sheƙi, sannan na bi da mara sheƙi, don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi ta yi fari.

Mutum ɗaya

Mutum a wannan ma'auni bai kai santimita 2 da rabi ba. Ina da guda 6 da na shirya: manomi, yara, soja da keke. Na jera su, na kwashe, na bar ɗaya. Da taron, fagen ya zama na kallo. Da mutum ɗaya, ana ganin girman abin da ya sauko da shi. Na tsayar da shi 'yan taku daga bakin fiffike, hular tuƙi a hannu, yana fuskantar jiragen.

Na yi ta tunanin yadda zan tsayar da shi, domin abin da aka sani game da Fuller bai nuna mai buga ƙirji ba. Da babban mai binciken haɗurran rundunar, Arthur Murphy, ya taso daga Melbourne ya iso wurin, bayanin da Fuller ya yi masa shi ne ya bi abin da aka koya musu game da saukar dole: a nemi kusa da gidan mutane, a fuskanci iska. Ya ƙara da cewa sitiyarin dai ya yi nauyi. Ɗalibi ne yana ba da rahoton darasi. Don haka ban ɗaga masa hannu ba, ban buɗe masa ƙafa ba. Na ɗan sauke masa kafaɗa da zafin ruwa, na bar shi haka.

Rundunar ta ƙara masa girma zuwa saje, ta kuma tsare shi a bariki kwana 14 tare da yanke masa albashin kwana 7 saboda ya yi magana da 'yan jarida ba da izini ba. Daga baya ya yi yaƙi da runduna ta 37 ta sojan saman Birtaniya, ya sami lambar yabo ta DFM kan wani farmaki a birnin Palermo na Italiya a 1942, ya koma gida yana koyar da tuƙi a Sale, jihar Victoria. A can ne, ranar 18 ga Maris 1944, kekensa ya yi karo da bas ya rasu. Tun da na san wannan na cire keken nan daga cikin kayan da na tanada, ban kuma sake marmarin sa shi ba.

A ganina labarin yakan tauye Hewson. Sunan Fuller ake kira, kuma ya cancanta, amma Fuller ba shi da inji ko ɗaya. Jirage biyu, nauyin da ya kusa tan 5 ko ba a lissafa mai da mutane ba, injinan Hewson ne suka riƙe su a sama, kuma yaro ne ɗan shekara 19 da farfela ta sara a baya, ya fita ya bar su a buɗe. Da sun mutu ko an rage musu wuta, da babu sauran abin da sitiyarin Fuller zai sarrafa. An yi jinyarsa a asibitin Albury, ya warke ya koma bakin aiki. A makiyayar ba ya nan, don haka ba ni da hurumin tsayar da shi a kan faifan. Abin da na iya shi ne ɗakinsa. Kafin in rufe gangar jirgin ƙasa, na yi kujerarsa babu kowa, ɗamarar kujera a kwance a warwatse, na yanka 'yan wayoyi biyu, kowace ba ta fi milimita 2 ba, na dasa su a matsayin hannun totur, na tura su gaba har ƙarshe.

Da na gama, na sa mai yankan gilashi ya yi mini murfi saboda ƙura, na manna ɗan allo a gaban faifan da sunaye huɗu, da lambobin jirage biyu, da kwanan wata. Kawu ya dawo ya gani. Bai tsaya daga sama ba, ya janyo kujera ya zauna har idonsa ya yi daidai da ciyawar, ya bi sawun da kallo tun daga bakin katako zuwa inda ƙasa ta taru. Ya nuna murfin injin da na lotsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce in cire gilashin in ba shi fitila.

Ya haska ta tagar gefe ta jirgin ƙasa, ƙarƙashin inuwar fiffiken na bisa, ya daɗe yana leƙe.

"Waɗannan 'yan wayoyin fa, na mene ne?"

"Totur ne, Kawu. Haka mai jirgin ya bar su ya fita."

Ya ce in riƙe masa fitilar, ya ciro tabarau daga aljihun gaba ya sake dubawa.